Faifai Na Bakwai

Ranar sunan jikata ta wajen Nasiru, a gidansa na unguwar Gesse, limamin unguwa ya makara. Mutane sun cika rumfa, an yanka rago, ana ta duban hanya. Sai wani dattijo cikin maƙwabta ya ce ai ga ƙanen kakan jaririya nan zaune, kuma jinin malamai ne, a ba shi ya yi addu'a mana. Kafin kowa ya buɗe baki, kai Nasiru ka yi dariya ka ce:

"Bappa Sani mai garmaho? A'a, a bar shi dai ya duba muna janareta, tun ɗazu yake tari."

Aka yi dariya. Shi ma Sani ya yi, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya naɗe hannun rigarsa ta fita unguwa, ya zagaya bayan gida wajen janareta. Ina zaune a kujerar gaba, na ci gaba da jan carbina. Ban ga laifinka ba, Nasiru, domin ni na koya muku wannan dariyar, kai da Hadiza da sauran ƙannenku. Abin da zan rubuta a nan shi ne yadda aka yi ƙanena ya sami wannan suna. Zan bi shi daki-daki yadda ya faru, domin ba na son labari mai tsalle.

Kun san kakanku malami ne a tsohon garin Birnin Kebbi, amma ba ku ga zaurensa yana raye ba. Magidanta ne ke zuwa ɗaukar karatun littattafai a wurinsa bayan asuba da bayan la'asar, manoma da 'yan kasuwa, wasu da furfura. Yana zama a kan wani buzu na farin rago da ya gada wurin mahaifinsa. Mu biyu ne 'ya'yansa maza. Ni ne babba, amma kaina bai ɗauki karatun littattafai ba. Na sauke da ƙyar, na yi firamare, na iya rubutu da lissafi gwargwado, shi ke nan. Sani kuwa, wanda na girma da shekara huɗu, in aka biya masa shafi sau biyu ya zauna. Ga murya. In yana karanta wa Baba matani, mata kan rage ƙarar daka a cikin gida don su ji. Ba wanda ya taɓa faɗa da baki, amma kowa ya san buzun nan Sani yake jira.

Ni abin da Allah ya ba ni shi ne tsari. Tun ina yaro nake sa wa kaya lamba. Allunan zaure na jera su na rubuta wa kowanne lamba a baya, har ƙwan zabin Inna na taɓa yi wa alama da gawayi don a san wanda ya riga wani. Wannan hali ne ya sama mini aikin kula da sito a wani kamfani da ke haƙa magudanan ruwa don noman shinkafa a fadamar Gulma, kusa da Argungu. A can na haɗu da wani injiniya mutumin Gana da muke kira Maigemu. Yana da garmaho, akwatin kiɗan faifai, mai aiki da batir. In an tashi aiki da la'asar sai ya fito da kujera bakin sito ya ɗora faifai. Da farko nakan ja jiki in koma ciki, in ce ni ɗan malam ne. Amma ƙofar sito a buɗe take, kunne kuma ba shi da murfi. Wata rana ya leƙo ya same ni tsaye da littafin kaya a hannu, alƙalami ya daina tafiya. Ya ce mini da Hausarsa ta 'yan zango, wannan sunansa jaz, in fito in zauna, ba ya cizo.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ko yanzu da nake tsoho ra'ayina a kan kiɗan nan bai sauya ba. Jaz kiɗa ne na masu ladabi. Da farko duk 'yan ƙungiya sukan faɗi maganar da ta tara su baki ɗaya, kamar sallama. Sannan sai su ja baya, mai ƙaho ya fito ya yi bayaninsa shi kaɗai, sauran suna amsa masa ƙasa-ƙasa. In ya gama ya koma, mai piyano ya karɓa, sai mai wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar sa da yatsa, sai mai ganga daga ƙarshe. Kowa ya faɗi abin da ke ransa yadda ya ga dama, ba mai katse wani, sannan su dawo tare inda suka fara su rufe. Haka na ga ana yi a zauren Baba in an ɗauko mas'ala. Yawancinsa kuma babu waƙa a ciki, don haka nakan gaya wa kaina ai babu batsa, iska ce kawai ake hurawa cikin ƙarfe. Sunayen makaɗan ba su zauna a bakina ba, sai na raɗa musu nawa daga hotunan da ke jikin kwalin faifai. Akwai Masu Baƙar Kwat, akwai Tsoho Mai Taba, akwai Mai Kumatu, wanda in ya busa fuskarsa kan cika kamar ta mai algaita.

Maigemu yana da wani irin kuma da ake kira rok, na ɗansa ne da ya bari. Wannan ban taɓa ganin girmansa ba. Jita tana ihu, mawaƙi yana ihu, ganga tana ihu, kamar kasuwar kifi in kwale-kwale ya iso. Abu ɗaya na yarda da shi, masu gangarsu ba sa kuskuren lokaci, dukansu kamar luguden mata uku a turmi ɗaya. Da aikin Maigemu ya ƙare zai koma ƙasarsu, ya ce kayan sun yi masa nauyi, ya bar mini garmahon da faya-fayai talatin da ɗaya. A ranar na yanka takarda ƙanana, na rubuta lamba da tawadar allo, na liƙa wa kowane kwali da ƙaro. Jaz daga ɗaya zuwa sha tara, rok daga ashirin zuwa talatin da ɗaya, domin a ganina can baya ne matsayinsa.

Na bakwai shi ne nawa na zuciya. Na ƙungiyar Mai Kumatu ne, su biyar. Akwai wani kiɗa a fuskarsa ta biyu mai tafiya a hankali. Ƙahon yakan fara ƙasa-ƙasa kamar mutumin da ke magana da kansa a hanyar dawowa daga gona. Piyano yana amsa masa ɗaya-ɗaya kamar ɗigon indararo bayan ruwa ya ɗauke. Mai gangar ba duka yake yi ba, shara yake yi, kamar mace na share tsakar gida da safe. Sau nawa na saurare shi ban sani ba, ni da nake ƙirga komai.

Ni na koya wa Sani. Wannan shi ne abu na farko da nake so ku riƙe. Inna takan aiko shi wurina da ƙullin yaji da daddawa, yakan kwana biyu. Ni na zaunar da shi a bakin sito na ɗora masa na bakwai, ina jiran ya yaba. Ya saurara har ƙarshe, ya yi hamma ya ce:

"Yaya, waɗanga tsohwahhi tun ɗazu gaisuwa sukai, yaushe za su kai ga magana?"

Na ce masa kunnensa ne bai nuna ba. Ya tona cikin jerin ya zaro na talatin da ɗaya, wanda ke da hoton wasu samari biyar ba riga, gashi har kafaɗa. Mukan ce musu 'Yan Gizo. Da allura ta hau, sai ga ɗalibin Baba, mai karanta matani da sanyin murya, yana dukan garwar man inji da tafin hannu yana dariya.

"Wanga shi na kiɗa! Naka kuwa, Yaya, ka so shi don yana bin layi awa buhunan sito."

"Naka kuma mahaukata biyar ne anka kulle ɗaki guda," na ce.

Haka muka yi ta yi kusan shekara guda, duk zuwan da ya yi. Ban taɓa jin daɗin gardama da wani mutum kamar wannan ba. Shi abin bai shiga jininsa ba, wasa ne na kwana biyu, in ya koma gida ya koma kan littattafansa. Ni ne abin ya kama.

A shekarar aka ɗaura mini aure da mahaifiyarku Hajara. Mahaifinta, Malam Haruna, mutum ne mai tsanani, kuma bai so ba da 'yarsa ga mai aikin kamfani ba. Baba ne ya je da ƙafarsa ya ce masa shi ne ya tsaya mini, yaronsa ba shi da abin kunya. Wata huɗu da auren, damina ta yi ƙarfi, gulbi ya cika ya haura fadama, ruwa ya shiga sito har gwiwa. Aka sallami ma'aikata har sai ƙasa ta bushe. Na naɗe garmaho da faya-fayan cikin buhun shinkafa na hau mota zuwa Birnin Kebbi. Ɗakina akwai amarya, mata na shiga da fita, don haka na kai buhun ɗakin Sani da ke jikin zaure. Garmaho ya shige ƙarƙashin gado. Faya-fayan ne damuwata, domin ƙasa ta jiƙe, bango yana tsattsafo, ga gara. Wuri ɗaya ne busasshe a ɗakin, akwatin katako da ke kan duwatsu, wanda Baba ke ajiye littattafan kakanmu na rubutun hannu. Sani ya ga inda idona ya tsaya, ya ce:

"Kul, Yaya. Ba a aza komi bisa littattahwan ga. Bari in nemo maka kwando mu rataye."

Na ce to. Da ya fita masallaci, na buɗe akwatin na jera su a kan littattafan, na ɗaya a ƙasa, na talatin da ɗaya a sama, na rufe. Na gaya wa kaina kwana biyu ne, kuma akwatin ba a buɗe shi sai shekara-shekara. Ban gaya wa Sani ba. Wannan shi ne abu na biyu.

Kwana biyar bayan haka wasu malamai uku daga Gwandu suka kawo wa Baba ziyara. Aka cika zaure da hantsi, har da surukina Malam Haruna. Ni ina bakin ƙofa ina miƙa fura. Hira ta kai su ga wata mas'ala ta rabon gado, aka yi saɓani, sai Baba ya ce akwai bayaninta a wani littafi da mahaifinsa ya kwafa da hannunsa. Na ga fuskarsa tana haske. Daga baya na ji cewa a ranar ya yi niyyar gaya wa baƙin ya bar wa Sani karatun asuba. Ya ce a ɗauko akwatin, Sani ya karanta. Mutum biyu suka shiga suka ɗauko shi. Tsakanin ɗakin da tsakiyar zaure taku goma ne, na ƙirga su, kuma a kowane taku ina da damar in ce a dakata. Ludayi yana hannuna. Aka ajiye, Sani ya durƙusa ya yi bisimilla ya ɗaga murfi. Samarin nan biyar marasa riga suka bayyana a kan littafin kakanmu, a gaban malaman Gwandu.

Ɗaya daga cikin baƙin ya kawar da kai yana salati. Baba ya sa hannu ya ɗaga na sama, ya dubi hoton, ya dubi 'yar takardar da ke liƙe a kusurwa, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba:

"Wanga kaya na wa na?"

Sani ya ɗago ya dube ni, sau ɗaya. Ni kuwa Malam Haruna nake kallo, ina tuna maganar da Baba ya yi masa a kaina, ina tuna Hajara da ke cikin gida da lallen amarci bai gama fita a farcen ƙafarta ba. Na san in na buɗe baki, kafin azahar an zo an tafi da ita. Na sunkuyar da kai cikin ƙwaryar fura. Baba ya sake tambaya. Sai na ji muryar Sani, wannan muryar da mata ke rage daka don su ji:

"Nau na, Baba."

Ya ce nasa ne. Baba ya ajiye faifan a gefe, sannan ya ce wa Sani ya tashi daga gaban littattafan, kada ya ƙara taɓa su. Ya juyo gare ni:

"Garba, kai ne babba. Kwashe su ka tahi bayan gida ka hwasa, ka ƙone. Shi kuma shi tsaya shi gani."

Na kwashe su na kai bayan gida wajen dutsen wanki, na ɗauko ƙotar gatari. Na fara daga sama yadda suke a jere. 'Yan Gizo suka fara tafiya, sannan sauran rok ɗin, kuma ina jin kunyar faɗa muku cewa waɗannan sha biyun ban ji ciwon fasa su ba. Da na shiga jaz sai kowane duka ya zama kamar a haƙarƙarina. Tsoho Mai Taba, Masu Baƙar Kwat, sha biyar, sha huɗu, ina saukowa. Sani yana jingine da bango, hannu a baya, yana kallo. Da na iso na bakwai sai na juya masa baya kamar ina gyara wuta, na zare faifan daga kwalinsa na cusa cikin babbar rigata, na jefa kwalin wofi a wuta. Ku tsaya a nan ku duba irin mutumin da ya haife ku. A rana ɗaya na rasa ƙarfin halin da zan ceci ƙanena da kalma biyu, amma na sami wanda zan ceci faifai. Warin ƙonanniyar roba ya kwana uku a gidan.

Inna ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, Mai Sito take ce mini. Washegari na shiga gaishe ta tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ta ce:

"Mai Sito, Sani ko awakinmu bai san yawansu ba. Yaushe ya koyi liƙa ma kaya lamba?"

Na ce ban sani ba. Ta ci gaba da tankaɗe, ta ce to, Allah ya sani. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya, amma daga ranar in ta zuba mana tuwo, ƙwaryar Sani take fara miƙawa.

Labari ya zaga gari kafin Juma'a. Ɗan malam mai garmaho, wanda ya aza hoton tsirara a kan littafi. Magidantan da ke zuwa karatu suka daina amsa gaisuwarsa da kyau. Sani ya yi wata biyu yana zama a ƙofar gida ba ya shiga zaure. Wata safiya ya ɗaure kayansa ya ce zai je Argungu ya koyi gyaran inji. Na raka shi tasha. A hanya na yi ta shirya magana a bakina, amma abin da ya fito shi ne in ya isa ya nemi wane, zai ba shi masauki. Ya ce ya gode. Da mota za ta tashi ya leƙo ta taga ya ce in riƙe Hajara da kyau. Zauren kuwa bai mutu a rana ɗaya ba. Baba ya tsufa, ido ya raunana, babu mai karanta masa matani. Ɗalibai suka riƙa raguwa da ɗaya-ɗaya, suna komawa wasu zauruka. Wurin da kuka taso kuka ga ana ajiye babura da buhunan albasa, nan ne.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka Baba ya kwanta ciwon ajali. Wata azahar aka fito da shi inuwar darbejiya ya sha iska, ni kaɗai ke wurinsa ina yi masa fifita. Ba tare da wata shimfiɗar magana ba ya ce:

"Garba, talatin da ɗaya ka rubuta. Nawa ka hwasa?"

Mafici ya tsaya a hannuna. Ya ce in ci gaba da fifita, zafi yake ji.

"Tun da na ɗaga na bisa na ga hannunka. Ni na koya maka riƙon alƙalami. Wa ke sa ma kaya lamba gidan ga in ba kai ba?"

Na ce, to don me ya hukunta Sani?

"Na yi tambaya gaban mutane, ɗa guda ya amsa. In na ce mashi ƙarya kakai, na tona ka gaban surukinka, bayan ni na tsaya maka. Na ce bari in ba ka kwana ukku ka zo da ƙahwarka. Ba ka zo ba. Na ƙara maka wata. Sannan ya tahi, ni kuma girman kai ya riƙe ni. Mu biyu munka ci amanar yaron ga, ni da kai."

Ya sa na ɗauko buzun daga ɗakinsa, ya ce in kai wa Sani, in gaya masa komai, in gaya wa dangi. Na ce to. Kwana tara ya rasu. Sani ya zo jana'iza, mun tsaya kafaɗa da kafaɗa a sahu, mun zauna zaman makoki tare kwana bakwai. Buzun yana ɗakina a naɗe. Na ce bari a yi arba'in. Da aka yi arba'in na ce bari a raba gado, kada a ce wata manufa ce. Daga nan na zama babban gida, na je Makka, aka sa ni cikin dattawan masallaci, kuma kowace shekara maganar tana ƙara nauyi. Na sa buzun a ƙasan akwatina, tare da faifai na bakwai.

Sauran kun san shi, domin a jikinku ya ƙare. Ni ne uban da ba a kunna rediyo a gidansa sai labarai. Ni ne na taka kaset ɗin Nasiru da takalmi a tsakar gida, na ce masa in bai yi hankali ba zai ƙare kamar Bappansa Sani. Na faɗi wannan magana sau da yawa har ta zama karin magana a gidana. Abin da ba ku sani ba shi ne, in ina tuƙi ni kaɗai zuwa gona, na murɗa rediyon mota na ci karo da wata tashar waje tana sa jaz, nakan gangara gefen titi in kashe inji in saurara har ya ƙare, sannan in duba gaba da baya ko wani ya gan ni.

Kwana biyu bayan sunan nan na Gesse na buɗe akwatin, na ɗauki abubuwan biyu na tafi Argungu. Na sami Sani a rumfarsa da hantsi, injinan ban ruwa na manoman shinkafa kewaye da shi, hannunsa baƙi ƙirin da mai, tabarau ɗaure da zare. Ya share mini benci ya ce lafiya, Yaya da kansa ba aike? Na zauna na faɗa masa komai a jere, tun daga akwati har inuwar darbejiya. Bai daina goge wani ƙarfe da tsumma ba har na gama. Sannan na zaro faifan. Zafin shekaru ya lanƙwasa shi kamar faifan kaba da aka bari a rana, ko da akwai garmaho allura ba za ta zauna a kansa ba. Tun ranar da na cece shi ban sake jin sa ba ko sau ɗaya. Sani ya karɓa ya juya shi, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Ai na gan ka sa'ad da ka cusa shi cikin riga. Wallahi Yaya, abin da ya hi ba ni haushi ranan ke nan. Cikin talatin da ɗaya, ka hwasa min 'Yan Gizo, ka ceci wanga mai sa barci!"

Na so in yi dariya, abin da ya fito daban ne. Ya bar ni har na natsu. Na tambaye shi don me ya amsa laifin da ba nasa ba. Ya ce shi ba shi da mata a lokacin, ni ina da ita, kuma ya ɗauka abin na sati guda ne, zan je in sami Baba a keɓe in gyara. Ya faɗi haka ba da zafi ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara. Sai na warware buzun na miƙa masa, na ce Baba ya ce nasa ne. Dariyar ta ɗauke. Ya tashi ya wanke hannu da sabulu sau biyu, ya goge a jikin rigarsa, sannan ya karɓa. Ya kai shi hancinsa ya daɗe. Na ce ko yanzu in ya yarda zan gyara zauren, a fitar da babura.

"Karatu ba shi jiran mutum, Yaya. Abin da ya rage min bai wuce na salla ba, sai ɗan abin da nika biya ma jikoki. Wanda anka yi ma buzun ga ya daɗe da tahiya."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun kafin a haifi Nasiru, ba don haka ba da bai riƙa zuwa sunan 'ya'yana ba. Ya naɗe buzun ya ɗora a cinyarsa, ya ce:

"Amma ba ni za ka hwaɗa ma ba, ni na sani. Ɗiyana sun tashi ana ce musu ɗiyan mai garmaho. Ka hwaɗa ma naka, ka hwaɗa ma nau, da bakinka."

Shi ya sa na rubuta wannan, kuma ranar Sallah in Allah ya kai mu, in an taru a gidana, ni zan karanta shi a tsaye, ba wani ba. Nasiru, kai za ka je Argungu da motarka ka ɗauko Bappanka da iyalinsa, ka zaunar da shi a gaba. In an zo addu'a, shi zai yi. Zauren ba zai dawo ba, shekarunsa ma ba za su dawo ba, wannan na sani. Amma tambayar da kakanku ya yi a gaban malaman Gwandu har yau ba a ba ta amsar gaskiya ba, kuma wanda ya kamata ya amsa yana da sauran numfashi. Garmahon da faya-fayan nan talatin da ɗaya, ni na kawo su, ni na sa musu lamba, ni na aza su a kan littattafan kakanmu. Kayan Garba ne.